Tsakanin Sabo da Sabo: Fashin Baƙi Kan Sauye-sauyen Fuskar Kwamfuta

Akwai wani shagon buga takardu da nake zuwa a bakin kotu. Mai shagon dattijo ne, tun zamanin tafireta yake wannan sana'a. In yana aiki ba ya duban hannunsa, allon ma ba ya cika kallo. Idonsa na kan takardar da aka rubuto da biro, yatsu kuwa na zuba kamar ruwan marka. Kwanakin baya na kai masa yarjejeniyar haya ya buga mini, sai na tarar ya sauya kwamfuta, ya sayo wata mai Windows 11. Da ya gama, ya danna fayil ɗin da ɓangaren dama na linzami zai sauya masa suna, kawai sai na ga ya yi turus. Kalmar da ya saba gani shekara da shekaru ba ta cikin jerin. An mayar da ita wani ɗan mitsitsin hoto a can sama, tsakanin almakashi da kwandon shara. Ya gyara zaman tabarau, ya matso da fuska.

"Malam," in ji shi, "ka san kamar me? Kamar ka dawo daga tafiya ka tarar an sauya wa ɗakinka ƙofa. Ɗakin naka ne, kayan naka ne, amma da dare sai ka yi ta karo da bango."

Tsaikon nasa bai fi daƙiƙa biyar ba, amma duk rigimar da ake yi kan fuskar kwamfuta tana cikin wannan ɗan tsaiko. In na ce fuska, ina nufin duk abin da ke tsakanin mutum da injin: tagogi, maɓallai, jerin zaɓi, kibiyar linzami, launi, da inda aka ajiye kowane abu. Masu zana wannan fuska da ido suke kallonta, su ga ta yi cunkoso ko ta tsufa, su ce a gyara. Mai aiki kuwa da hannu ya san ta. A rubutun boko kalma ɗaya ce take ɗauke da ɓangarorin biyu: akwai sabo na sabuntawa, akwai sabo na sabawa, sai a baki ake bambanta su. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ga alama kamfanonin kwamfuta sun yi imani da wannan karin magana ko da ba su taɓa jin ta ba. A wannan fagen dai ni ban yarda da ita ba. Wanda ya shekara ashirin hannunsa na zuwa wuri ɗaya ba sai ya yi tunani ba, wannan sabawar ita ce jarinsa.

Fuskar da muke gani yau ta girmi yawancin masu amfani da ita. Ranar 9 ga Disamba 1968 wani injiniya, Douglas Engelbart, ya tsaya gaban taron masana a San Faransisko ya nuna musu wani ɗan akwati mai waya da ake turawa a kan tebur, kibiya na bin sa a kan allo. Daga nan cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta ɗauka, ta ƙera kwamfutar Alto a 1973, sannan kamfanin ya fito da Star a 1981. Dabarar da suka kawo ita ce a mayar da allo kamar teburin akawu: ga takarda, ga folda, ka ɗauki wannan ka jefa cikin wancan. Apple ya kai abin kasuwa da Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya watsa shi duniya da Windows 95 da maɓallinsa na Start. Tun daga nan ginshiƙan gidan ba su motsa ba. Fenti da labule ake ta sauyawa, wani lokaci kuma ƙofa.

Wani abin ban dariya, kwaikwayon tebur ɗin ya daɗe da rasa ma'anarsa, amma ya ci gaba da aiki. Alamar adana aiki a manhajoji da yawa har gobe hoton faifan fulofi ne. Ɗalibin jami'a na yau bai taɓa riƙe fulofi ba, amma ya san in ya danna wannan ɗan murabba'i aikinsa ya adanu. Wato alama ba sai ta yi kama da wani abu ba. Haddace ta ake yi kamar baƙin karatu. Shi ya sa sauya ta yake da tsada, ko da sabuwar ta fi kyau.

Akwai wata doka da duk mai wannan sana'a ya sani. A 1954 wani masanin halayyar ɗan'adam, Paul Fitts, ya auna yadda hannu ke kai wa ga abin da aka nufa, ya gano lokacin da zai ɗauka ya rataya a kan abu biyu: nisan abin da kuma girmansa. Ƙarami mai nisa ya fi cin lokaci, babba na kusa ya fi sauri. Wannan kowa zai iya cewa ya sani. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne gefen allo bango ne: komai ƙarfin da ka tura linzami, kibiya ba ta wucewa. Saboda haka abin da aka manna a gefe ba ya bukatar saiti sosai, na kusurwa kuwa ba ya bukata sam. Ka wurga hannu kawai ka danna. Dalilin da ya sa Apple ya liƙa jerin zaɓinsa a can ƙoli ke nan, kuma dalilin da ya sa rufe cikakkiyar taga a Windows yake da sauƙi ko ido a rufe. Maɓallin Start ya zauna a kusurwar ƙasa ta hagu, ko da yake a Windows 95 an bar ɗan siririn gibi tsakaninsa da ainihin kusurwar, sai a Windows XP aka cike.

To, a Oktoban 2021 Windows 11 ya ɗauko wannan maɓalli ya kawo shi tsakiya. A ido abin ya yi tsaf, musamman a manyan alluna masu faɗi. Amma abin da ke tsakiya ba shi da bango a gefensa, kuma duk lokacin da ka buɗe wata manhaja sai ya ɗan matsa gefe don ya ba ta wuri. Hannu ba zai iya haddace wurin da ba ya zama ba. Sa'ar da aka yi, an bar zaɓin mayar da shi hagu. Layin ƙasan gaba ɗaya kuwa, wanda da ana iya ja a kai shi gefe ko sama, an fito da shi a daskare.

Kada a ɗauka ina cewa duk sauyi ɓarna ne. Dubi abin da ya faru da Office. Word 2003 yana da umarni fiye da 1,500, an cusa su cikin jerin zaɓi, jeri a cikin jeri, har mutane suka riƙa roƙon kamfanin ya ƙara abubuwan da tuni suna ciki, ba su dai san inda suke ba. A Office 2007 aka rushe tsarin, aka kawo faffaɗan zirin nan na sama da ake kira Ribbon, wanda ya baje kayan a fili kamar tiredar mai shago. An yi kuka sosai, domin ba a bar hanyar komawa tsohon tsari ba. Amma tsarin ya zauna, har LibreOffice, kishiyar Office, daga baya ta ƙara makamancinsa ga mai so. Me ya sa wannan ya ci? Na farko, ciwon da ya zo warkarwa na gaske ne. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba: tsofaffin gajerun hanyoyin allon madannai, har da jerin danne-dannen Alt na 2003, an bar su suna aiki. An sauya wa ido gida, an ƙyale hannu a inda yake.

Zazzaɓin gaske ya kama ne bayan iPhone a 2007 da iPad a 2010. Kowane kamfani ya tsorata cewa kwamfutar tebur ta gama yayi, aka shiga rige-rigen mayar da ita waya. A Afrilun 2011 GNOME 3, wata fuskar kwamfuta, ya fito a duniyar Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta irin su Windows) ba tare da maɓallan ƙanƙantar da taga da faɗaɗa ta ba, zaɓin kashe kwamfuta ma sai ka danne Alt yake bayyana. A cikin watan ne kuma Ubuntu, wani nau'in Linux, ya koma tasa sabuwar fuskar, Unity. Linus Torvalds da kansa, wanda ya assasa Linux, ya yi tir da GNOME 3 ya koma wata fuskar mai suna Xfce na wani lokaci. Da yake a can kowa na da damar ɗaukar tsohon gini ya ci gaba da shi, sai aka samu MATE da Cinnamon, waɗanda har yau suna nan da jama'arsu. Kamfanin Canonical, mai Ubuntu, ya haƙura da Unity a 2017.

Microsoft ya fi kowa zurfafawa. Windows 8, a Oktoban 2012, ya cire maɓallin Start ɗungurungum, ya shimfiɗa manyan fale-fale masu launi da suka cinye allo, ya ɓoye muhimman abubuwa a kusurwoyin da sai ka kai kibiya ka jira kafin su leƙo. Mutanen da suka shekara goma sha bakwai suna kashe kwamfuta suka koma tambayar yadda ake kashe ta. Bayan shekara ɗaya Windows 8.1 ya dawo da maɓallin, Windows 10 kuma a Yulin 2015 ya dawo da jerin. Kuskuren a fili yake. Yatsa mai kauri ne, yana son manyan abubuwa masu tazara, kuma a waya abu ɗaya ake yi a lokaci ɗaya. Kibiyar linzami siririya ce, tana iya tsinto ɗigo, mai ita kuma yakan buɗe taga huɗu yana kwasa daga wannan yana zubawa a wancan. Doki da sirdi, jaki da mangala. Wanda ya ce kaya ɗaya zai ɗaura musu duka, ɗaya zai yi gyambo.

Windows 8 ya tafi, amma ya bar wani abin da ya fi shi daɗewa, wato yayin shafe komai ya zama sumul. Da, maɓalli yana da ɗan tudu da inuwa, ka gan shi ka san na dannawa ne. Daga iOS 7 a 2013, da Yosemite na Mac da tsarin Material na Google a 2014, sai aka goge inuwa, aka sirance rubutu, aka mayar da baƙi toka-toka. Tun a 2011 ma Mac ya fara ɓoye sandar gefen taga, wadda take gaya maka saura nawa ka kai ƙarshen shafi. Cibiyar Nielsen Norman ta bi idon masu amfani da na'ura a 2017, ta samu cewa a shafukan da aka raunana alamomin abin dannawa, mutane sun ƙara kusan kashi 22 cikin ɗari na lokaci kafin su gano abin da suke nema. Ina zargin wani dalili a nan, kuma zargi ne nawa: mai zanen matashi ne mai lafiyar ido, yana zaune a ɗaki mai sanyi gaban allo mai tsada. Bai taɓa gwada karanta rubutu mai ruwan toka a tsohon allo ba, a shagon da ƙofarsa ke kallon rana, da tabarau a hanci.

Wasu sabbin kuma tsofaffi ne da aka wanke aka goge. Gilashin nan mai ɗauke ido da Apple ya sanar a Yunin 2025 da sunan Liquid Glass, duk wanda ya yi zamani da Windows Vista a 2007 ya ga yayansa. Microsoft ya zubar da nasa a 2012. Matsalar gilashi ɗaya ce jiya da yau: rubutu a kan abin da ake hango bayansa yana wuyar karantawa, kuma cikin 'yan watanni Apple ya ƙara zaɓin dusashe shi. Sai kuma siririn allon taɓawa da Apple ya sa a saman madannan MacBook Pro a 2016 a madadin layin maɓallan sama. A wajen baje koli ya burge. A wajen aiki kuwa, yatsa ba ya jin komai a kan gilashi, dole sai ka sunkuya ka duba. A 2019 aka dawo da maɓallin Esc na zahiri, a 2021 aka fara cire zirin, zuwa 2023 ya ɓace.

Dabarun da suka yi albarka kuwa ba su zo da ganga ba. Jera tagogi gefe da gefe misali. Windows na farko a 1985 haka yake, tagoginsa ba sa hawa kan juna. Daga baya aka ga wannan ƙauyanci ne. A 2009 Windows 7 ya dawo da shi a hankali: ja taga ka buga ta da gefen allo, ta cika rabi. Windows 11 ya ƙara fasaloli kala-kala, kuma wannan yana cikin abin da na yaba masa. Mac bai kawo nasa sosai ba sai 2024. 'Yan Linux su suka fi nisa, da irin su i3 da Hyprland masu jera tagogi da kansu, da niri wanda yake shimfiɗa su a doguwar tabarma da ake gungurawa hagu da dama. Haka shafuka da yawa a taga ɗaya, wanda aka saba a manhajar shiga intanet, ya iso manhajar duba fayiloli ta Windows a 2022. Haka baƙar fuska, da Mac ya kawo cikakkiya a 2018. Tana da daɗi da dare, sai dai batun cewa tana ceton batir ya fi gaskiya ga allon OLED, wanda ba shi da fitila a bayansa, yawancin kwamfutocinmu kuwa fitilar bayan allonsu a kunne take ko baƙi ko fari. Duk waɗannan, wanda bai so ba ba zai ma san suna nan ba. Ƙofa aka ƙara, ba a toshe tsohuwa ba.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce akwatin nema. Spotlight na Mac ya zo a 2005, masu rubuta manhaja suka same shi a manhajojin aikinsu irin su Sublime Text da VS Code, yau kusan kowace babbar manhaja na da shi: danna maɓalli biyu ko uku, rubuta farkon sunan abin da kake so, ya fito. An yi shekara arba'in ana gudun baƙin allon da sai an rubuta umarni, ga shi an zagayo an dawo gare shi ta bayan gida. Yana da sauri ƙwarai, da sharaɗi ɗaya: ka san sunan abin, kuma da Turanci. Jerin zaɓi yana nuna maka ka gane. Akwatin nema yana jira ka tuno. Ga mai ƙaramin Turanci wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. An yi fassarar Hausa da ake ɗorawa a kan Windows a zamanin Windows 7, amma ba ta game komai ba, kuma ban taɓa shiga shagon da na ga ana aiki da ita ba.

Yanzu iskar ta kaɗa wajen ƙirƙirarriyar basira: wai ka daina neman maɓalli, ka faɗi abin da kake so kawai. Wannan ma an taɓa. Office 97 ya zo da wani ɗan ƙarfen maƙale takarda mai idanu da ke leƙowa yana tayin taimako, har ya gunduri duniya aka kore shi gaba ɗaya a 2007. Na yanzu ya fi shi iyawa nesa ba kusa ba, kuma Microsoft ya yarda da shi har a Janairun 2024 ya sanar da sabon maɓallin kiran mataimakinsa Copilot a allon madannai, irin sauyin da rabon da a yi tun maɓallin Windows a 1994. A Mayun 2024 ɗin aka sanar da Recall, wanda ke ɗaukar hoton allonka a kai a kai don ka iya tambayar abin da ka gani makon jiya. Masana tsaro suka leƙa suka ga bayanan na zube ba kulle, aka ɗage fitarwar, aka sake gini, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa, sannan ya fito a 2025. Na tuna shagon bakin kotu, inda kwamfuta ɗaya take ganin takardar rabon gadon wannan da takardar ƙarar wancan, na ce gara da aka ɗage. Amma damuwata da wannan tafarki ta wuce sirri. Maɓalli abu ɗaya yake yi yau da gobe da jibi, shi ya sa hannu ke haddace shi. Mataimakin da ake yi wa magana yana iya ba ka amsa iri biyu kan tambaya ɗaya. Ana iya amfana da shi, amma sai ido ya tsaya a kansa kullum.

Duk wannan ado kuma yana da nauyi, kuma mu ne muke ɗaukarsa. Manhajoji da yawa na yau, irin su Slack da Discord, shafin intanet ne aka sa wa riga, kowace tana tafe da nata injin buɗe shafukan intanet na Chromium a ciki. Buɗe uku a tsohuwar kwamfutar da aka shigo da ita daga Turai mai ram giga 4, ka ji fanka ta fara kuka. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma yana neman wani guntun tsaro, TPM 2.0, da injin da bai tsufa sosai ba. Dattijon nan ba marmari ne ya kai shi sayen wata kwamfutar ba.

Adalci dai ya sa in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da ƙarfi. Akwai miliyoyin da ba su da wani tsohon sabo da za a kare musu. Yaron da ya tashi da waya a hannu, taɓawa da shafawa ya sani; danna sau biyu da sauri, ko ɓangaren dama na linzami, baƙin abu ne a wurinsa. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗalibai da yawa a ɗakin jarrabawar suka fara kama linzami a rayuwarsu. Abin da hukumar ta yi daga baya ya fi dabarun manyan kamfanoni da yawa hikima: ta ba da damar amsawa da haruffa kaɗan, A zuwa D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Mai iya linzami kuma ba a ƙwace masa ba.

Na koma shagon bayan 'yan makonni. Maɓallin Start ya koma kusurwarsa ta hagu, jikansa ne ya mayar masa. Ƙananan hotunan nan kuma yanzu akwai rubutu a ƙarƙashinsu, domin Microsoft ya ƙara shi a sabuntawar 2024, kuma ta sauka a kwamfutar tasa. Amma shi ba ta su yake bi ba. Ya gano cewa in ya danne Shift kafin ya danna daman linzami, tsohon jerin nan ne zai fito da tsawonsa, kowace kalma a mazauninta. Na ce masa, "Baba, ai in ka danna F2 ma zai sauya sunan kai tsaye, ba sai ka buɗe komai ba."

Bai ɗago ba. Ya danne Shift, ya danna, ya rubuta sunan, ya tura takardar firinta.

"Na sani, Malam," ya ce. "Hannun ne bai sani ba."